Keken Yaya, Lamba Hamsin da Takwas

Alhamis, bayan la'asar

Littafin nan na Yaya ne, a ciki yake rubuta ranakun da ya yi ƙarin aiki. Rabinsa fari ne, sai na juya shi ta baya na fara daga inda mu 'yan allo muke farawa. Ba zai neme shi yanzu ba. Hannun da zai riƙe biro yana cikin filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Da safe aka sallamo shi daga asibiti, bayan kwana biyu. Hannun dama ya karye wuri biyu, gwiwar ƙafa ta kumbura kamar kan jariri, gefen fuska ya saɓule. Likita ya ce ƙashi zai haɗu, amma jijiya sai an kwance filasta za a san halin da take ciki. Mako huɗu. Ni ban san jijiya tana da hali ba sai yau.

Umma ta ce tsautsayi ne. Duk maƙwabcin da ya shigo sai ya ce gangaren gada ba shi da kirki. Shekara tara Yaya yana sauka gangaren nan a kan tsohon kekensa, ko hularsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Wannan babu wanda ya faɗa. Ni ma ban faɗa ba.

Na leƙa ɗakinsa na ce, "Yaya, an ce ka yi tashi irin na shaho, sauka ce ba ka koya ba." Da a da ne, da takalmi ya biyo ni. Ya dube ni kawai, ya ce in ja masa ƙofa.

Sifana mai lamba goma, ta kwance noti, tana ƙarƙashin katifata.

Juma'a, da yamma

Manajan kamfanin kwalin da Yaya yake aiki ya zo dubiya. Ya ce kamfani ba ya jiran mutum, amma tun da Yaya bai taɓa makara ba, zai riƙe masa gurbinsa in har wani daga gidan nan zai tsaya a wurin ƙarfe bakwai kowace safiya, ko da ɗaurin kwali ne da lodi. Makara uku, zai ba wani.

Na ce ni zan je. Matar Yaya tana jijjiga jaririyarta ta ce, "Kai? Auta, kai da sai rana ta taka maka wuya kake tashi?"

Na ce, "Anti, ai tausayin rana nake yi, kada ta tashi ta ga an riga ta."

Ba wanda ya yi dariya. Gidan nan ya zama kamar an zare masa batir.

Kilomita goma sha bakwai ne daga ƙofarmu zuwa kamfani.

Asabar, da safe

Na ɗauko sifanar zan mayar wa mai facin da ya ara mini. Na kai bakin ƙofa na dawo da ita ƙarƙashin katifa.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ya kira ni. Ya nuna mini hoton da ya liƙe a jikin ƙofar kabad tun bara: keke mai kai lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Kowa a gidan nan ya haddace zancen keken nan. Da shi zai riƙa zuwa aiki cikin minti arba'in, kuma in ya samu hutu zai ɗaura jaka biyu a baya ya yi tafiyar kwana uku zuwa garin Kaka, ya kwana inda rana ta faɗi masa. Ni kuwa na sha ce masa duk wanda ya hau keken nan ruku'u yake yi babu alwala.

Ya ce, "Abin da na ajiye don shi yana wurin antinka. Je ka shagon kekuna na Mai Gilashi ka zaɓa. Bas ba za ta kai ka bakwai ba."

Na ce, "Ai naka ne, Yaya. A jira ka warke."

Ya ce, "Gurbin ba zai jira ba."

Bai ce zai warke ba.

Litinin, da magariba

Makara ta ɗaya. Bas ta ƙi tashi sai da ta cika, na isa bakwai da minti ashirin da biyar. Manaja ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Ɗaurin kwali yana yanka hannu kamar reza, kuma injin da Yaya yake tsayawa a kansa an rufe shi da buhu.

Da aka tashi na biya shagon. Mai Gilashi dattijo ne siriri, gilashin a kan hanci, hannu baƙi da mai. Kekuna rataye a rufi kamar jemagu. Ya ce, "Me za ka yi da shi? Tsere, ko aiki, ko tafiya?"

Na ce, "Gudun tsira, Baba."

Ya ce, "Wannan ba na sayarwa."

Ya sauko da uku. Na farko ja ne, na alminiyam, yatsa biyu suna ɗaga shi, tayarsa siririya kamar igiyar guga. Raina ya biya. Ya ce wannan na masu tsere ne a kan kwalta mai sulɓi, ba shi da ramukan da ake ɗaura kariya ta ɗora kaya, rami ɗaya a hanya ka yi faci. Na biyu tsohon hannu ne, giyarsa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, sai ka saki kai da hannu ɗaya kafin ka sauya. Ina jin an ce saki kai na ce a mayar da shi. Na uku kore ne, na ƙarfe, ya fi su nauyi, tayarsa ta kai kaurin babban yatsana, da ramukan kariya gaba da baya, da giya mai taushi ta hawan tudu. Ya ce wannan zai kai mutum aiki, ya kai shi garin kakarsa, in ya lanƙwashe kowane mai walda zai gyara.

Ban ce masa akwai garin kaka a maganar ba.

Sai ya sa ni na cire takalmi na jingina da bango, ya cusa mini littafi tsakanin cinyoyi ya auna daga ƙasa. Na ce, "Baba, keke na zo saya, ba wando na zo ɗinki ba." Ya ce keke ya fi wando son awo, wando in ya yi yawa ka naɗe. Ya ce lambata hamsin da biyu.

Na ce, "Yayana fa, dogon nan mai zuwa yana shafa kekuna ba ya saya?"

Ya ce, "Wannan hamsin da takwas. Na auna shi tun bara." Koren yana da duka biyun.

Talata, da asuba

Mako guda da faɗuwar Yaya. Ranar nan ma warhaka na tashi, kafin kowa. Minti biyar ne kawai. A tsakar gida na so a yi abin, a gabana, mu yi dariya. Bai taɓa fita kafin ya gwada ƙararrawa da komai a bakin ƙofa ba. Ranar ce kaɗai ya yi sauri.

Laraba, da yamma

Makara ta biyu. Yatsa biyu. Saura ɗaya.

Alhamis, bayan la'asar

Yau da ƙafa na kama hanya tun duhu bai washe ba, wani mai motar ƙwai ya rage mini hanya, na isa saura minti huɗu. Ba kullum ake samun mai ƙwai ba.

Na gaya wa Yaya batun koren. Tun ranar da ya faɗi, yau ne karon farko da idonsa ya yi haske. Ya tambayi faɗin taya, ya tambaya ko birki da giya a hannu ɗaya suke, ya ce in tabbata an sa marfin da ke tare taɓo. Ya ce ƙahon wuri uku ake kama shi: sama in kana hutawa, kan birki in kana tafiya, ƙasa in iska ta taso maka. Yana faɗa yana nunawa da hannun hagu. Na dama yana kwance a kan filo kamar baƙo.

Sai na ce, "Saura lamba."

Ya ce in ba shi takarda. Ya rubuta da hagu, da lambobin Larabci irin na saman shafin Alƙur'ani, don ya san su idona ya fi sabawa da su. Ƙwai da ƙugiya. Hamsin da biyu. Ya ce, "Ka ba Mai Gilashi, kada ka je kana masa surutu."

Na ce, "Yaya, wannan lambata ce."

Ya ce, "Wa zai hau?"

Na ce, "Na mako huɗu ne."

Ya juya fuska bango.

Mutum shekara guda yana kallon hoto a ƙofar kabad, ya rubuta lambar wani da hannunsa. Na zauna da takardar a bakin rijiya har aka kira salla.

Juma'a

Sifanar tana nan. Ina jin ta a haƙarƙarina ta cikin katifa.

Asabar, da azahar

An gama.

Na miƙa wa Mai Gilashi takardar. Ya ɗaga gilashi, ya sauke, ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan sifiri ne da sanda? Ni lambar allo ta daɗe da yin ƙaura daga kaina. Karanta mini."

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga ni, kamar kullum. Na ce, "Hamsin da takwas."

Ya dube ni ta saman gilashi. Ya ce, "Kai za ka hau?"

Na ce, "Aro zan yi. Mai shi yana zuwa."

Ya sa na tsaya a kan keken ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a ce yatsa biyu sun shiga tsakanina da ƙarfen sama. Ko takarda ba za ta shiga ba, sai da na yi ɗage. Ya ce, "Yaro, in ka yi tsayuwar gaggawa a kan wannan, Umma ba za ta ga jikoki ta wajenka ba." Ya sauke sirdi har ƙasa, ya matso da shi gaba, ya sauya wuyan kan da gajere. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, sauran sai bayana ya biya.

Ina cikin murna sai ya ɗauko wayoyin birki ya ce, "Wane hannu kake so ya kama na gaba? Kekunan nan daga ƙasashe daban suke zuwa, wasu dama, wasu hagu. Ina tambayar kowa. Mutumin da hannunsa ya saba da dama baya ce, in aka sauya masa bai sani ba, ranar da ya damƙe a gangare tayar gaba za ta tsaya cak, shi kuma ya wuce ta saman kai."

Na ce ina neman ruwa. Na fita bayan shagon na durƙusa kusa da tarin tsofaffin tayoyi.

Da na dawo na ce, "Dama baya. Yadda mai shi ya saba."

Lahadi

Na ajiye keken a soro bayan buhunan gawayi, na rufe da tabarma. Yaya ya ce a shigo da shi ya gani. Na ce tayar da taɓo, Anti ta yi shara. Anti ta ce, "Yaushe ka fara tausayin sharata?"

Litinin, da yamma

Minti hamsin da biyu. Na riga maigadi buɗe ƙofa. Manaja ya duba agogo sau biyu.

A gangaren gada na sauka na tura shi da hannu. Masu wucewa suna ta dariya, wani ya ce, "Malam, sabon ne, ba ya cizo!" Akwai wurin da fentin ƙarfen gadar ya goge. Ban tsaya ba.

Laraba, bayan isha

Wuyana, kafaɗuna, tsakiyar bayana, tafin hannuna. Kan keken yana can gaba kamar a wata unguwa, sai na miƙe kamar ƙadangare a kan katanga kafin in kamo birki. Yau a mahaɗar hanya wata mota ta yanko, na dira ba shiri, ƙarfen sama ya gaishe ni inda ba a gaisuwa. Na ga taurari da rana tsaka.

Umma ta ga ina tafiya kamar agwagwa, ta ce me ya same ni. Na ce girma ne yake shigata.

Duk wannan bai kai yatsan Yaya ɗaya ba. Na sani.

Asabar

Yaya ya sake tambayar keken. Na ce yana wurin Mai Gilashi ana ɗaure waya. Ƙarya ta huɗu ke nan a kan keke ɗaya. A da in na shirya wa mutum tsiya daɗi nake ji, har in kasa cin abinci don dariya. Wannan ba ta da daɗi.

Talata, da magariba

Na dawo na tarar da tsohon keken a tsakar gida. Mai shayin bakin gada ne ya ajiye shi tun ranar, yau ya aiko da shi a kura. Tayar gaba ta naɗe kamar kunne. Wayoyin suna nan yadda suke.

Anti tana wanke kwanoni ta ce, "Yayanka ya sa na fito masa da kujera. Ya fi awa guda a gaban gawar nan, yana matsa birki da hannun hagu, ya matsa wannan ya leƙa gaba, ya matsa wancan ya leƙa baya. Na ce ko in kira mai gwangwan, ya ce a bar shi a nan."

Na ce, "Ya ce wani abu?"

Ta ce, "Ya tambaya ko ka dawo."

Ban shiga gaishe shi ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, da asuba

Na fito da sifanar. Minti biyar ne, yadda aka sauya haka ake mayarwa. Na durƙusa gaban keken har na sa ta a kan notin wayar birki.

Malam ya taɓa kama ni na wanke allon wani na rubuta masa shirme. Bai doke ni don rubutun ba, sai da ya ga ina gogewa a ɓoye.

Na tashi na tafi aiki.

Juma'a

Yaya yana fita da sanda har bakin ƙofar ɗaki. Soro taku goma sha biyu ne daga nan. Na ƙirga.

Litinin

Bai kira ni Auta ba tun ranar. "Kai" yake cewa.

Alhamis, bayan la'asar

An kwance filasta. Ban je ba, ina aiki. Umma ce ta ba ni labari a kicin, murya ƙasa. Ƙashi ya haɗu. Babban yatsa da ƙananan biyu suna motsi. Manuni da na tsakiya ba sa lanƙwasuwa. Likita ya ce wata jijiyar takan farka a hankali, wata ba ta farkawa, ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Manaja ya ce zai ƙara mako huɗu tun da ban sake makara ba.

Manuni da na tsakiya. Da su ake jan birki a keke mai ƙaho. Mai Gilashi ya nuna mini.

Ina jin ƙwallon daga ɗakina. Ba ya ƙara, amma ina ji.

Asabar, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru, kada in gyara.

Ina cikin soro ina goge sarƙa, na cire tabarmar, sai na ji sanda a bayana. Ya tsaya yana kallon keken tun daga ƙaho har kariya. Ya daɗe. Sai ya sunkuya ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen ƙarƙashin sirdi.

Ya ce, "Nawa na rubuta?"

Na ce, "Hamsin da biyu."

"Nawa ka karanta?"

Na ce, "Yaya, rubutun hagu ne, ƙugiyar ta yi kama da bukka."

Ya ce, "Kai da ka sauke Alƙur'ani sau biyu ba ka san biyu da takwas ba? Mako uku kana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya da girma, ka ɗauka makaho ne ni?"

Na shiga ɗaki na ɗago katifa. Na kawo sifanar na ajiye a kan sirdi. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Ni ne. Ni na sauya wayoyin birkin. Na ɗauka a tsakar gida za ka gwada."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Tun da aka kawo keken?"

Ya ce, "Tun ina kwance a gindin gada ina kallon sama. Na damƙi dama, gaba ta tsaya. Na ce duk duniya mutum ɗaya ne zai tashi da asuba don wannan, alhali ko salla sai an yayyafa masa ruwa."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya wa Umma ba?"

Ya ce, "Ta ji da hannu ɗaya tukuna. Kuma ina jira in ga ko bakin nan naka yana da wani aiki ban da tsokana. Waccan Larabar da asuba ina kallonka ta taga. Da ka juya notin nan, da ni da kai sai gaisuwa."

Na zauna a kan buhun gawayi, kuka ya zo mini, na kasa tsayar da shi. Bai rarrashe ni ba. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga da wane baki ba.

Ya jingina sandar da bango. Ya sa hannun hagu ya ɗaga na dama, ya ɗora shi a kan birkin, ya jera yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera yara a sahu. Ya ce, "Wannan na ina ne?"

Na ce, "Na baya. Yadda ka saba."

"Ka tabbata?"

"Kullum sau uku nake dubawa kafin in fita."

Ya matsa. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya fito masa a goshi. Na kafa ido a kan robar birkin baya. Ban sani ba ko ƙananan yatsun ne suka ja, ko manunin ya taimaka. Amma robar ta motsa. Kamar kaurin farce, ba ta ma taɓa ƙarfen tayar ba. Ta motsa.

Ya saki, yana haki. Ya ce in kwance sirdin in ɗaga. Na ɗaga, ya ce ƙara, na ƙara, har ya kai ƙugunsa. Ya karɓi sifanar ya karce ƙarfen da bakinta a daidai wurin, layi ɗaya siriri.

Ya ce, "Nan za ka mayar da shi ranar da zan karɓi abina. Yanzu sauke shi, Auta, ka ci gaba da ruku'unka babu alwala."

Sifanar kuwa ya jefa ta a aljihunsa, ya ɗauki sanda ya koma ciki.

Litinin, da asuba

Na duba birki sau uku. Na duba layin sau ɗaya. Ta taga ina jin ƙwallon.